Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu shirya filin yara a gidajen talabijin na Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranku ya daɗe, shugabannin gidajen talabijin na jiharmu, na gwamnati da masu zaman kansu, tare da furodusoshi da masu gabatar da filin yara. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Sakkwato. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma cikin darussan da ake ɗora mini akwai na al'adu da fasaha, wanda yara suka fi sani da CCA. Roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so ku shirya wa yaranmu shiri da Hausa, kashi-kashi, a kan rayuwar wata mai zane da aka haifa a Kano, ta koyar a Zariya, sunanta Clara Etso Ugbodaga-Ngu. Wataƙila wasunku yau ne suka fara jin sunan. Ni ma sai da na yi nisa a aikin koyarwa kafin ya shiga kunnena, alhali darasin zane nake koyarwa, kuma wannan ne abin da ya tsaya mini a rai.

Abin da ya kawo ni ga roƙon nan a cikin ajina ya faru.

A zangon karatun da ya wuce ina duba littattafan lissafin 'yan aji biyar, sai na juya bayan littafin wata yarinya. Shafi uku cif ta cike da zane, da shuɗin biro. Shafin farko furannin lalle ne irin na amare, reshe na fitowa daga reshe, ganye na bin ganye, babu inda layi ya yanke ko ya yi rawa. A shafi na biyu furen ya koma wani abu dabam: ta mai da shi adon bakin faifai, ta kifa faifan a kan ƙwarya, ta ɗora ƙwaryar a kan gammo. Shafi na uku kuwa kasuwa ce sukutum. Ga ƙoren fura a jere, ga tulin albasa, ga buhunan gero an naɗe bakinsu da tiya a saman kowanne, ga inuwar rumfa ta faɗo a karkace kamar yadda take faɗowa bayan la'asar. Ba wanda ya taɓa koya mata cewa abin da ke nesa ƙarami ake yin sa, amma buhunan can ƙurya sun fi na gaba ƙanƙanta. Idonta ne ya gaya mata.

Da na kira ta, jikinta ya ɗauki rawa, ta ɗauka bulala za ta sha saboda ta ɓata littafi. Sai da na zaunar da ita kusa da ni kafin ta saki jiki. Ashe yayarta mai ƙunshi ce, ita ke taya ta. Ranar jajibirin Salla sukan kai tsakar dare mata na layi a tsakar gida, kuma ita ce mai ƙulla lallen a leda ta yanke bakin da reza, don ta fi yayar sanin girman hudar da ke ba da siririn layi. Na tambaye ta me take so ta zama in ta girma. Ta ce nas, ko malama. Na ce, zanen fa? Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Malama, wanga ai wasa na."

Sai na ciro wayata, na nemo hoton wani zane na Clara Ugbodaga-Ngu, na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, tana buɗa shi da yatsu biyu. Can ta ce, "Malama, macce ta yi wanga?" Na ce mace ce. Ta yi shiru kaɗan, ta sake cewa, "Kuma ba a hana ta ba?" Na ce mata har Ingila ta je ta karanto shi, ta dawo Zariya ta koyar da maza. Yarinyar nan ba ta ƙara cewa komai ba, amma yadda ta riƙe wayar da hannu biyu har yanzu ina ganin sa. Yara nawa ne irinta a Mabera da Runjin Sambo da Gawon Nama da Arkilla, balle a Wurno da Tambuwal da Illela, waɗanda ba su da malamar da za ta juya bayan littafinsu? Ni yara nawa zan miƙa wa wayata? Ku kuwa akwatinku yana shiga ɗakunan da ƙafata ba za ta taɓa takawa ba.

Ga labarin matar a taƙaice, don ku ga akwai abin shiri a cikinsa.

An haife ta a Kano a shekarun 1920. Iyayenta mutanen ƙasar Edo ne da zama ya kawo su Arewa. Ta fara da koyarwa a makarantu, sannan a 1950 ta samu tallafin karatu zuwa Landan, ta shiga makarantar koyon zane ta Chelsea. Yaranmu sun san Chelsea ta ƙwallo, har faɗa suke yi a kanta. To sunan unguwa ne a Landan, kuma a can wata haifaffiyar Kano ta zauna tana koyon haɗa launi tun kafin a haifi iyayensu. Ta karɓi difloma a 1954, ta ƙara shekara guda a cibiyar horar da malamai ta Jami'ar Landan ta samu shaidar koyar da zane a 1955. A tuna cewa a wancan lokaci kwalejin jami'a ɗaya tak ce a duk Nijeriya, ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, kuma 'yan matan da suka wuce firamare a Arewa ana iya ƙidaya su.

A shekarar da ta gama, 1955, aka maido sashen koyon zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Kwalejin nan ita ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Clara ta shiga sashen a matsayin malama, a lokacin da kusan duk malaman wurin Turawa ne, kuma ita ce mace ta farko 'yar ƙasa da ta koyar a cikinsa. A 1958, tana cikin wannan aiki, ta baje kolin zane-zanenta ita kaɗai a Cibiyar Kwamanwel da ke Landan, abin da ake lissafa shi a matsayin na farko da wata 'yar Nijeriya ta yi a can. Sunan Ngu kuwa na mijinta ne, Victor Anomah Ngu, likitan tiyata ɗan Kamaru wanda daga baya ya riƙe ministan lafiya a ƙasarsu.

Cikin ayyukanta akwai wanda ta yi a 1961, ma'anar sunansa Matan Kasuwa, da wani na 1963 mai ma'anar Mabarata. Ku dubi abin da ta zaɓa ta zana: mutanen da ake wucewa kullum ba a ɗaga kai a dube su. Akwai kuma wani na 1960 da babu mutum babu dabba a cikinsa, siffofi ne da launuka kawai suke magana da juna, yana ajiye a Jami'ar Birmingham ta Ingila. A watan Oktoba na 2025, babban gidan adana zane-zane na Tate Modern a Landan ya buɗe baje koli na musamman a kan masu fasahar Nijeriya na ƙarnin da ya wuce, kuma aikinta na cikin waɗanda aka rataye. Baƙi suka riƙa biyan kuɗi suna shiga suna kallon ta a can, ɗiyan Arewar da ta haife ta ba su taɓa jin sunanta ba.

Wurin da nake so ku fi daɗewa a kansa shi ne shekarunta na Zariya, domin a nan ne labarinta ya haɗu da ledar lallen ɗalibata.

A 1958 wasu ɗaliban sashen suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu zane kamar a Ingila aka haife su, kamar ba su zo da komai daga gida ba. Suka ce za su karɓi dabarar Bature, su koyi burushi da fentin mai da awo, amma abin da za su zuba a ciki daga gidajen iyayensu zai fito. Waɗannan samari su ne suka zama manyan masu zanen Nijeriya bayan samun 'yanci, kuma a cikin malaman da ke tsaye a gaban allo a shekarun da suke karatu akwai wannan mata. A littattafan da na koyar da su, sunan Aina Onabolu da Ben Enwonwu ake ta maimaitawa, sai a gangaro kan samarin Zariya, a tsallake malamarsu.

Uche Okeke ya tashi ne a Kafanchan. Da ya koma neman abin gida da zai gina fasaharsa a kai, wurin mahaifiyarsa ya nufa. Matan Ibo suna da wani zane da suke kira uli, suna yin sa a jiki da ruwan wani ɗan itace mai baƙi, suna kuma yin sa a bangon ɗaka. Ado ne na mata, yana ɗaukar kwanaki ya goge, ba a ɗauke shi a bakin wani ilimi ba. Okeke ya karɓi layukan nan ya mai da su kan takarda da ƙyalle. Da ya zama shugaban sashen zane a Jami'ar Nsukka a farkon shekarun 1970, ya sa ɗalibai suka riƙa zuwa wurin tsofaffin mata suna koyo, har ta kai a yau duk inda ake maganar zanen Afirka na zamani sai an ambaci uli. To mene ne bambancin wannan da lallenmu? Shi ma adon mata ne, a jiki ake yi, bayan sati biyu ya tafi. Bambancin kawai, can an samu wanda ya ce wa yara abin da ke hannun iyayenku mata ilimi ne. Mu a nan har yanzu ɗiyarmu na cewa wasa ne.

Kuma mu Sakkwatawa ba mu da uzurin cewa ba mu gaji zane ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, zanen ƙwarya take yi. Ina ƙarama nakan zauna gefenta da hantsi, ta jera 'yan wuƙaƙe uku a cikin garwashi, ta matse ƙwarya tsakanin gwiwoyinta. In ta ciro ɗaya ta yi ja, sai ta ɗora bakin a bayan ƙwaryar ta ja a hankali, hayaƙi siriri ya tashi, ƙaurin nan mai ɗan ɗaci ya cika rumfa. Kafin wuƙar ta huce ta mayar ta ciro wata. Ba ta auna komai da igiya, ba ta fara zanawa da gawayi, amma in ta kewayo ƙwaryar layin ƙarshe sai ya haɗu da na farko daidai. Ban taɓa jin wani ya kira ta mai fasaha ba. "Tsohuwa mai ƙore" ake ce mata.

Ku leƙa wurin dukawanmu ku ga yadda ake jeme fatar jar akuya da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, a fitar da rawaya da gangamau, a yanka a lanƙwasa a ɗinka har titimi da jaka da linzami su fito kamar an rubuta su. Fatar nan ce ta riƙa ƙetare Sahara tun zamanin ayari, Turawa suna saye a hannun 'yan Maroko suna kiran ta da sunan Maroko. Ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga dagi a goshin soro, ga zanen hula da mata ke ɗinkawa a cikin gida suna ciyar da kansu da shi. Ga kuma zayyana, wadda ake ƙawata allon mai saukar Alƙur'ani da ita, gida-gida ja da kore da rawaya, malami ne da kansa ke zaunawa ya tsara ta. Duk wannan haɗa launi ne da sarrafa layi da sanin inda za a bar fili. Abin da Clara ta je Chelsea ta koyo da wanda kakata ta yi da wuƙa a garwashi dangin juna ne. Shirin da nake roƙo aikinsa ke nan, ya nuna wa yaro dangantakar.

Na san abin da zai fara zuwa zukatanku, domin ni ma shi ya fara zuwa tawa: maganar addini. Ba zan kewaye ta ba. Hadisan da suka tsananta a kan masu yin surar abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim, kuma babu Musulmin da zai yi wasa da su. A cikinsu kuma akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da yin sura yake ci, aka gargaɗe shi, sannan aka nuna masa cewa in lalle sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ashe an bar ƙofa a buɗe tun asali. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko ƙyalle, wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. Fatawa ta malamai ce, kuma garin nan ba ya ƙarancinsu. Shawarata ita ce ku ware kashi guda ku gayyato malami, ko malama daga cikin malaman Islamiyyarmu, yara su yi tambaya da bakinsu a ba su amsa a fili. Uban da ke zaune a gefe yana jin abin da ake gaya wa ɗiyarsa zai fi natsuwa da shirin da ya fuskanci tambayar, a kan wanda ya yi kamar babu ita. Yarinyar da gidansu suka tsaya a kan kada ta zana mai rai, tana da gulbin Rima da giginya da kwalekwale da ƙofofin gari da rufin masallaci da duk duniyar launi a gabanta. Zanen Clara na 1960 da na ambata misali ne a shirye.

In kuna son misali daga ƙasar Musulmi, akwai Safiyya Binzagr ta Jidda, wadda aka haifa a 1940. A 1968 ita da wata abokiyar aikinta, Munira Musalli, suka baje zane-zanensu a wata makarantar 'yan mata a Jidda, a lokacin da ba a saba ganin irin haka daga mata a Saudiyya ba. Ta ƙarar da rayuwarta tana zana tufafi da bukukuwa da tsoffin gidajen Hijaz don kada zamani ya shafe su, ta gina gidan adana ayyukanta a garinsu, ta rasu a 2024. Ita ma ta cancanci nata kashin in shirin ya ɗore.

Wani kuma zai ce, ai Clara ba Bahaushiya ba ce, me ya sa ba za a nemo tamu ba? Amsata, a Kano aka yanke mata cibi, a Zariya ta ba da ƙuruciyar aikinta, kuma sashen da ta taimaka ya tsaya da ƙafafunsa har gobe 'ya'yan Arewa ke shiga suna fita da digiri. Wanda ya shuka itace a gonarka kana shan inuwarsa, ba ka tambayar garinsu kafin ka gode masa. Sannan in muna so wata rana a samu tamu, 'yar Sakkwato da za a yi shiri a kanta, sai mun fara nuna wa yaran yau cewa hanyar akwai ta, an taɓa bin ta.

A garin Nana Asma'u nake wannan magana. Mahaifinta, Shehu Usmanu, ya soki malaman da ke karantar da na waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ita kuma, daga haihuwarta a 1793 zuwa rasuwarta a 1864, ba ta tsaya jiran mata su zo zaure ba. Ta tsara karatu a waƙe, da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajoji, wato mata masu jagorantar karatu, ta ɗora musu malfa, suka bi ƙauyuka suna kai wa 'yan taru, wato matan da ke haɗuwa ɗaukar karatun, ilimi har cikin gida. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne ta nemi hanyar da saƙo zai isa inda mace take. A zamaninmu hanyar tana hannunku, ita ce akwatin da ke kan teburi da wayar da ke hannun uwa.

Yanzu ga yadda nake ganin shirin, in kun yarda malamar aji ta sa baki a aikin da kuka fi ta sani.

Kada ya zama lacca. Yaro ba zai zauna wani babba ya karanta masa shekaru daga takarda ba, zai tashi ya koma wurin katun ko fassarar Indiya. Kashi shida sun isa, kowanne minti goma ko sha biyu. A samu yarinya mai baki, 'yar aji biyar ko shida, ta zama ita ce mai tambaya, da ƙanenta ko ɗan ajinsu a gefe, domin yara maza ma suna bukatar su ga mace a gaban allo tana koyar da maza. A fara da Kano, a nuna ganuwa da marinar Ƙofar Mata, a ce a garin nan aka haife ta. A bi ta zuwa Landan da taswira, yaro ya sa yatsa ya bi hanyar. A dawo Samaru, a shiga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da kyamara, a nuna ɗalibai mata masu hijabi tsaye gaban ƙyallensu da burushi a hannu. Wannan hoto kaɗai zai yi aikin da dogon bayani ba zai yi ba, gani ya kori ji. In an nuna zanenta, a bar shi a kan allon talabijin ya daɗe, a yi shiru, sannan a tambayi yara me suka gani kafin a gaya musu komai. Ni a aji na lura yaro yakan hango abin da babba ya wuce.

Abu biyu nake roƙo a kiyaye. Kada a ƙaga mata labarin da ba nata ba don a sa shirin ya yi armashi, a ce an dake ta ko an kore ta daga gida. Abin da ya tabbata na rayuwarta ya isa, kuma yaran nan za su girma su bincika. Sannan a rubuta wa gidajen da ke riƙe da ayyukanta a nemi izinin nuna su, a sami hotuna masu kyau, kada a kwaso dishi-dishi daga intanet.

Kowane kashi ya ƙare da aikin hannu, da kayan da ke cikin kowane gida. Gawayi da bayan kwali. Jar ƙasa da farar ƙasa a jiƙa a murfin gwangwani. Ruwan zoɓo yana ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, shuni yana ba da shuɗi, tsinken tsintsiya ko asuwaki da aka tattauna bakinsa ya zama burushi. Na gwada wannan a ajina, kuma ban ga ranar da yara suka ƙi fita tara ba sai ranar. A ce su zana kasuwar shiyarsu kamar yadda Clara ta zana tata, iyaye su ɗauki hoto su turo ta WhatsApp, a nuna wasu a kashi na gaba tare da sunan garin da suka fito. Yaron da ya ga zanensa a talabijin ba zai sake kiran sa wasa ba, mahaifinsa ma haka.

Ku tuna da wuta. Yawancin gidaje ba su da tabbacin samun ta a lokacin da za ku sa shirin, don haka a yanka shi gajere-gajere a zuba a Facebook da YouTube, a bar mutane su tura wa juna. A ba abokan aikinku na rediyo muryar su ma su sa, domin a ƙauye rediyo ce sarauniya. Ba sai kun nemo kuɗin gina wani ɗakin ɗauka ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana nan cikin gari da kayan tarihi da tsoffin rubuce-rubuce, rumfunan dukawa na nan, masu ƙunshi na kowace shiya.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da gaskiya, shin zane zai ciyar da ita? A ba su amsa a cikin shirin. Atamfar da ke jikin uwar wani ne ya zana ta kafin a buga. Hotunan da ke littafin yaro, da tambarin da ke jikin buhun shinkafa, da taswirar gidan da ake ginawa, da katun ɗin da yaran ke kallo, duk hannun masu zane ne, kuma ana biyan su. Ɗalibata tun yanzu tana samun na sabulu da ledar lalle. A ciro takardar naira ashirin a juya bayanta a nuna wa yara Ladi Kwali tana ginin tukunya: 'yar ƙauyen Kwali ce, ta koyi ginin tukwane a gida, ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Sau da yawa na tambayi aji wace ce wannan, su ce wata mata ce mai tukunya. Hotonta ya sha wucewa ta hannunsu, ba a taɓa gaya musu sunanta ba.

Ina roƙon ku da hanzari saboda waɗanda suka san Clara ido da ido suna ƙarewa. Uche Okeke ya rasu a 2016, Yusuf Grillo a 2021. Bruce Onobrakpeya a 1932 aka haife shi, Demas Nwoko a 1935. Duk wanda zai iya cewa "na zauna a ajinta" ya tsufa ƙwarai, kuma muryar irin wannan dattijo ta minti biyu ta fi shafi goma. Haka nan tsofaffin da ke zanen ƙwarya da wuƙa, roba da silba sun kore musu kasuwa, jikokinsu ba su karɓa ba. Yaran kuma ba jira suke ba. Tun ran gini tun ran zane. Hannun da bai samu mai ƙarfafa shi ba a shekara goma, a sha biyar ya riga ya saki biro.

Ɗalibar tawa bana tana aji shida. Na saya mata littafin zane da fensir masu launi, na je har gida na gaishe da mahaifiyarta na nuna mata shafukan nan uku, ta ce za ta yi wa babansu magana. Iyakar abin da hannuna ya kai ke nan. In kun amince za ku yi shirin, ajina a buɗe yake gare ku bayan an nemi izinin hukumar makaranta da na iyaye, kuma zan zo da kaina in jiƙa jar ƙasa in fere fensir in tsare yara su yi shiru lokacin ɗauka. Akwai malaman zane da dama a makarantun garin nan da na san za su zo in an kira su.

Allah ya taimake ku, ya sa albarka a aikinku, ya raya mana zuri'a.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Wata malamar firamare,
Sakkwato.